Gashi Har Gadon Baya: Tsokaci Kan Abin Da Littattafan Soyayya Ke Koya Wa Mata

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Hausa, ko na takarda da ake kawo mana daga Kano zuwa kasuwannin Maradi da Damagaram, ko waɗanda ke yawo yanzu a WhatsApp da Wattpad, ya san akwai wurin da ɗankwalin jaruma zai zame. Ko ta yi tuntuɓe, ko iska ta taso, ko ta fito daga wanka ba ta san da baƙo a falo ba, sai gashi ya zubo baƙi wuluk, mai santsi, har gadon baya. Jarumi ya daskare a tsaye. Daga nan sai a ba mu tarihin gashin: kakarta Bafulatana ce, ko Buzuwa daga Agadas, ko Shuwa daga Barno, in ana so a ƙure kuma a ce Balarabiya. Kishiya da ƴar aiki kuwa, in an tuna da kansu to don a yi dariya ne, ɗan guntun gashi a cukurkuɗe wanda ko kalaba ba ta kamawa.

Masu sharhi sun daɗe suna magana kan farar fatar da ake liƙa wa kowace jaruma, da yadda hakan ke ƙara wa man bilicin kasuwa. Maganar gashi ce aka bari, wataƙila don ana ganin ƙaramar magana ce. Ni ban ga ƙanƙantarta ba. Ƴan mata da yawa a cikin waɗannan littattafai suke koyon girki da kwalliya da zaman gidan miji, kuma marubutan sun san haka, shi ya sa suke tsayar da labari su jero kayan haɗi dalla-dalla kamar masu ba da darasi. Wanda ya ɗauki matsayin malami kuwa dole a duba abin da yake koyarwa, kuma mafi yawan abin da littattafan nan ke koyarwa kan gashi kuskure ne.

Mu fara da babin gyaran amarya, wanda da wuya littafi ya rasa shi. Saura mako biyu biki, sai a ɗauko mai gyara daga Maiduguri ko Sudan, ko a ce daga nan Nijar, ta kulle amarya a ɗaki da dilka da turaruka da wani haɗin mai na sirri. Ranar da aka buɗe ƙofa, yarinyar da gashinta bai wuce wuya ba ta fito da shi yana taɓa baya. To mu yi lissafi. Gashin kan mutum yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. A mako biyu ke nan abin da zai ƙaru bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Kafin gashi ya tashi daga tsakar ka ya sauka gadon baya sai ya yi wajen santimita 50, wato shekara huɗu zuwa biyar yana tsiro ba tare da ya karye ba. Kowane silin gashi kuma yana da wa'adi: yakan yi tsiro na shekara biyu zuwa shida, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Tsawon wannan wa'adi gado ne. Wadda nata gajere ne, ko ta yi wanka da man shanu gashinta ba zai wuce iyakarsa ba.

Wannan ba ya nufin man shanu da man kaɗanya da karkashi ba su da amfani. Suna da shi, sai dai littattafan sun sauya musu aiki. Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, sinadarinsa ɗaya da na farce, ba ya cin abinci. Daga saiwa ake ciyar da shi, ta hanyar jini. Abin da mai ke yi shi ne ya riƙe danshi, ya sa sili ya yi laushi, ya rage karyewa wajen tsifa da taza, musamman a hunturu lokacin da iska ke busar da komai. Gashinmu a nannaɗe yake, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da zai iya tsinkewa, saboda haka mace takan ga gashinta shekara da shekaru a tsawo ɗaya ta ce ba ya tsiro, alhali yana tsiro daga ƙasa yana karyewa daga sama. Ko cebe na matan Cadi, da ya cika kasuwanninmu a ƴan shekarun nan, hikimarsa ke nan: ana shafa shi da mai a jikin gashi, a kitse, a bar shi ya huta. Aikinsa tsare abin da ya riga ya tsiro ne. Da marubuciya za ta faɗi haka, da ta ba mai karatu abin da zai amfane ta, ko da babin ya rage armashi.

Sai maganar kitso. Sau nawa muka karanta jaruma ta dawo daga gidan makitsiya da ƙananan kitso, goshi ya ɗame, idanu sun ja baya, tana shan maganin ciwon kai, ana yaba kyan abin? A gidajenmu ma haka ake cewa yarinya in tana kuka a gaban makitsiya: ki daure, jan ne ke sa shi tsawo. Jan ba ya ƙara ko sili ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya wahalar da saiwar gashi, ƙananan ƙuraje su feso a bakin kitso, gashin gaban goshi da na saman kunne ya fara cinyewa. In an sassauta da wuri yana dawowa. In aka shekara ana ja, saiwar takan mutu ta bar tabo, kuma babu man da ke tsirar da gashi a kan tabo. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2007, inda suka sami irin wannan cinyewar gashi a kan kusan mace ɗaya cikin uku da suka duba a wata unguwar baƙar fata ta birnin. Binciken nasu ya kuma nuna cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa. Nauyin gashin doki da ɗaure acuci tamau kullum a wuri ɗaya, duk hanya ɗaya suke bi.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da marubutanmu suka fi ƙauna, wato santsi. A littafi, santsi shi ne shaidar lafiyar gashi. Yarinyar da Allah ya yi wa gashi mai cika da tauri, lafiyayye sumul, in ta karanta haka sai ta ɗauka nata ne ke da matsala, ta nufi shago ta sayo rilaksa. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka da soda ake yin su, irin mai ƙunar nan da ake dafa sabulu da ita, waɗanda aka rubuta babu soda a jikinsu ma wani sinadarin ne mai kusan ƙarfinta. Suna miƙar da gashi ne ta hanyar karya ɗaurin da ke cikin sili, saboda haka gashin da ya kwanta ya fi na da rauni. Ƙunar fatar kai da ake ɗauka alamar man yana aiki, ƙuna ce kawai. A 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, bayan sun bi mata fiye da 33,000 na tsawon shekaru, sun ba da rahoton cewa masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa uwa ta dakata kafin ta shafa wa ƴar shekara bakwai don sallah ta zo.

Akwai ƙananan camfe-camfe da ke bin waɗannan a baya, waɗanda littattafan ke maimaitawa ta bakin kaka ko gwaggo ba tare da wani ya musa ba. Ana cewa yawan aski ke sa gashin yaro ya yi kauri. Askin ranar suna sunna ce, wannan daban, amma reza ba ta isa inda saiwa take, kuma tun 1928 wata masaniyar Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna aski ba ya sauya kaurin gashi ko saurin tsirowarsa. Ana cewa amosani bushewa ce, a ƙara mai a rage wanki. Alhali amosani yana da nasaba da wata ƙwayar halitta dangin yis da ke zaune a fatar kan kowa, maiƙo ne kuma abincinta. Laftawa fatar kai mai a bar kitso wata biyu ba wanki ciyar da ita ne. Abin da ke rage ta wanki ne a kai a kai, in ta yi tsanani a nemi sabulun kai mai ketokonazol a kantin magani. Makeron da ke cin kan yara kuwa shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da maganin sha daga likita, kuma yana yaɗuwa ta mataji da rezar da ake karɓa-karɓa.

Amma inda na fi jin nauyin abin shi ne yadda ake amfani da zubewar gashi a matsayin shaidar asiri. Mun san salon: kishiya ta tsinci gashi a mataji ta kai wa boka, bayan kwana kaɗan jaruma ta tashi ta ga gashinta a kan matashi. A duba yadda wannan ke haɗuwa da rayuwa ta gaske. Lokacin da mace ke da ciki, sinadaran jikinta suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa kan mai ciki ke cika. Bayan haihuwa sai duk wanda aka riƙe ya shiga hutu a tare, ya zube a tare, yawanci wata biyu zuwa huɗu da sauka. Wane lokaci ne wannan a al'adarmu? Ta gama wankan jego a gidan iyayenta, ta yi arba'in, ta koma ɗakinta, ba ta daɗe da fara karɓar girki da abokiyar zamanta ba. Sai ga gashi cike da hannu. Mace da ta karanta littafi goma masu wannan salo, wa za ta zarga? Wannan zubewa kan tsaya da kanta, gashi ya dawo kafin yaro ya shekara. Haka take faruwa bayan zazzaɓi mai tsanani ko tiyata. In ta ƙi tsayawa, abin da ya kamata a duba shi ne ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin matanmu masu haihuwa, gwajinsa kuma ba wuya a asibiti. Ko a ranar lafiya, faɗuwar sili 50 zuwa 100 cikin kusan 100,000 da ke kan mutum ba ciwo ba ce, kuma wadda ta yi mako uku da kitso, ranar tsifa za ta ga na mako ukun ne a dunƙule. Littafin da ya mai da wannan aikin boka ya saka zargi a gidan da babu laifin kowa, ya kuma tura mai ƙarancin jini wajen mai magani maimakon awo.

Za a ce ai ƙagaggen labari ne, mai karatu ta san mafarki ake sayar mata. Da zan karɓi wannan uzuri da a ce an bar mafarkin a matsayinsa. Amma a littattafan da ake turawa ta waya, sau da yawa a ƙarshen shafin da gashin amarya ya zubo za ka tarar da tallan man gashi da lambar mai sayarwa. Mu da ke aikin rediyo muna ganin ɗaya gefen: in aka karanta irin wannan babi a iska, saƙonnin da ke shigowa ba kan jarumi suke ba, tambaya ce kan sunan haɗin da inda ake samunsa. Gaskiya ne in ɓera da sata daddawa ma da wari, masu karatu na son jaruma mai gashi, gidajen rediyo kuma na karɓar tallan masu cewa mansu na tsirar da gashi a kwana bakwai. Sai dai marubuci shi ke da alƙalami, shi ne kuma ake kira mai faɗakarwa a bangon littafi.

Ko an ajiye maganar lafiya gefe, wannan siffa ragwanci ce a rubutu. Jimla ɗaya ake gado daga littafi zuwa littafi, har ta daina nuna mana kowa. Ga kuwa abin rubutu zube a gabanmu ba a taɓa ba. Gidan makitsiya majalisa ce: a nan ake jin auren da zai mutu da wanda za a ɗaura, a nan yarinya ke kwantar da kai a cinyar wata ta ji abin da uwarta ba za ta faɗa mata ba. Akwai tsohuwar da har yanzu ta iya doka ba mai nema, akwai amaryar da ke ɓoye goshinta da ya cinye kada miji ya gani, akwai mai jegon da ke tara gashinta a ƙulli tana kallon ɗakin kishiya. Kowace ɗaya cikinsu ta isa littafi, kuma marubuciyar da ta zauna ta saurare su ba za ta buƙaci aro kaka daga Agadas ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba na cewa a aske wa jarumai kai, akwai Hausawa masu dogon gashi kuma su ma a rubuta su. Roƙona ga marubutanmu biyu ne. In za ku ba da haɗi a cikin labari, ku tambayi ma'aikacin lafiya kafin ku tura, domin akwai wadda za ta gwada a kan ƴarta a daren. Sannan ko sau ɗaya a bar ɗankwalin ya zame a ga shuku ko kalaba a kan gashi baƙi mai tauri wanda bai wuce wuya ba, jarumin kuma ya daskare kamar yadda ya saba.