Haidirojin a takarda, zufa a aji

Duk ɗalibin da ke bin maganar makamashi ya san sunan WASCAL. Shiri ne da Jamus ke zuba wa kuɗi, ya raba fannonin karatu tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma, rabon Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kuwa shi ne sauyin yanayi da makamashi. A 2021 aka ƙara digiri na biyu a kan "koren haidirojin", da haɗin gwiwar jami'ar Aachen da cibiyar bincike ta Jülich. Yamai, Abijan, Dakar da Lome ke karɓar ɗaliban. Akwai burs, akwai zuwa Jamus, ɗan Nijar na zama aji ɗaya da ɗan Gana. Wanda ya samu, Allah ya sa albarka.

To amma ƴan uwa, ƙishirwar wa wannan karatu ke kashewa? Jamus na neman haidirojin don masana'antunta, ba ta ɓoye ba. Mu kuwa, da Najeriya ta yanke mana kuran a Agustan 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take, damuwarmu ita ce yadda ɗan abin da ya rage zai isa. Wannan shi ne tattalin makamashi, kuma shi ne ɗan bora a cikin yarjejeniyoyin nan. Kowa na son hotonsa gaban allunan hasken rana, ba mai son hoto gaban taga.

Alhali a tagar matsalar take. Bature na koyon yadda zai tsare ɗumi cikin ɗaki lokacin hunturu. Mu neman korar zafi muke a watan Afrilu. Dubi azuzuwan da ake gina mana: bulon siminti, rufin kwano ba sili, taga na kallon yamma. Bayan azahar kwanon ya gasa, siminti ya sha zafin ya riƙe shi har dare. Sai a ce a sa kilima, kuran ya ɗauke, malam ya sallami aji. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da tubalin ƙasa matsattse, suka mai da tsohon ɗakin karatu, a 2018. Ƙasa mai kauri na jinkirta zafi, kakanninmu sun sani. Ina injiniyan da aka koya wa auna wannan da lissafi?

Ga kuma itace. Mafi yawan makamashin da Nijar ke ci a murhu yake ƙonewa, ba a waya ba. Murhun Mai Sauƙi ya daɗe a kasuwa, amma wa zai ba ka burs don ka gyara murhu? Shi Abdu Mumuni da jami'ar ke ɗauke da sunansa bai raina irin wannan ba: a ONERSOL tukunyar girki da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana ya ƙera.

Sannan karatun da Ingilishi ake yi, kuma a Yamai. Ɗalibin Maraɗi, Damagaram ko Tawa sai ya ji labari. Idan za a sake sa hannu da wata jami'ar waje, a rubuta ciki cewa za a kawo kayan auna zafi da cin wuta a jami'o'in jihohi, ɗalibai su auna azuzuwansu da ɗakunan kwanansu tun daga Maris har Mayu, a buga sakamakon kafin a aza tubalin gini na gaba.