'Yan Mazan Jiya da Masu Adana Fuskokinsu

Duk ranar 15 ga Janairu, a Lafiya kamar sauran manyan biranen jihohi, akan ajiye furanni don tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Ranar ce 'yan mazan jiya na ƙungiyar Nigerian Legion ke fitowa da lambobin yabo a ƙirji, wasu na dogara sanda, amma da an busa begila sai ka ga ƙugu ya miƙe.

Sun cancanci jinjina. Haka ma masu zane da maƙeran da suka hana fuskokinsu ɓacewa. Dubi Sojan Idumota, mutum-mutumin tagulla da ya daɗe a Ikko kafin a kai shi Abuja. Wanda ya ƙera shi bai tsaya kan mai bindiga ba, ya tsayar da ɗan dako a gefensa, kuma a nan ya burge ni. Ɗan dako ma ya cancanci a tuna da shi: a ƙasar Bama, tsakanin 1943 da 1945, rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma sun ratsa dazukan Kaladan da Arakan inda mota ke wahalar shiga, harsashi da abinci sau da yawa a ka aka ɗauke su. Da yawansu 'yan Arewa ne.

Na Bama sun kusa ƙarewa. Amma na Kwango, da na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo suna nan a unguwanninmu. Matasan Lafiya masu zane su je su gaishe su, su nemi izini, su zana su suna ba da labari da bakinsu.