Ƙadangaren Legas da Kwaɗin Tawa

A ranar 28 ga Fabarairu 2024 kamfanin Disney ya fito da Iwájú, katun mai kashi shida wanda ya yi tare da wani ƙaramin kamfani mai suna Kugali. Samari uku ne suka kafa Kugali: Ziki Adeola da Tolu Olowofoyeku ƴan Najeriya, da Hamid Ibrahim ɗan Uganda. Tun Disamba 2020 aka yi shelar aikin, ke nan sai da ya ci shekara uku da ƴan watanni kafin ya fito, alhali duka kashi shidan in ka haɗa su ba su kai kallon yini guda ba. Sunan da Yarabanci ne, yana nufin gaba, wato zamanin da bai zo ba.

Labarin a Legas ta nan gaba ake yin shi. Tola yarinya ce ƴar shekara goma, ubanta Tunde mai kuɗi ne, masanin na'ura, suna zaune a tsibiri inda manya suke. Abokinta Kole yaron gidansu ne, daga ƙetaren ruwa yake zuwa, unguwar talakawa. Akwai wani dogon mugu, Bode, mai satar ƴaƴan masu kuɗi don a biya shi fansa. Tunde ya ƙera mutum-mutumi mai siffar ƙadangare, Otin, don ya tsare ɗiyarsa.

Bari in fara da abin da suka yi daidai, don ba kaɗan ba ne. Ƙadangaren nan shi ne ya fi komai burge ni. Da wani Bature ne ya zauna shi kaɗai ya ce zai ƙera mai gadi na Afirka, na rantse zaki zai kawo, ko giwa. Su kuwa sai suka ɗauko jan gwada, wannan da ke gyaɗa kai bisa katangar kowane gida daga Legas har Kore Mairuwa, wanda yara ke jifa da ɗanko. Wanda ya girma a wurin ne kawai zai iya wannan zaɓi. Haka ma cunkoson motoci: a cikin fim ɗin masu kuɗi na tashi sama da motarsu su bar talaka a ƙasa cikin zafi, masu talla kuma ba su daina talla ba, na'ura kawai suka samu ta taimaka musu. Ma'ana, ci gaba ya zo, amma bai zo wa kowa daidai ba. Duk wanda ya taɓa ganin gida mai sola da firji kusa da gidan da ake ɗora talho caji a shago kan dala ashirin ya san wannan magana ba ta Legas ba ce kaɗai.

To amma fa akwai inda suka ja birki. Fim ɗin ya buɗe babbar magana, ta mai shi da marar shi, har ya ba Bode dalilinsa, ya nuna cewa shi ma talauci ne ya haife shi. Sai kuma aka rufe ta da ƙaramin murfi: an kayar da mugu, uba ya gane ya yi sakaci da ɗiyarsa, an rungumi juna. Ruwan da ya raba tsibiri da unguwar su Kole yana nan inda yake. Wani zai ce ai na yara ne, me kake so su yi, juyin juya hali? A'a. Amma yaran da na sani ba sa buƙatar a rufe musu ido. Gatanan da tsofaffinmu ke yi da dare, sau nawa Gizo ke cin amana ya tsira, ba a kama shi ba? Yaro na jin haka, ya kwana yana juya abin a ransa. Kole ne ke da labari mai nauyi, uwarsa ba lafiya, Bode na matsa masa ya ci amanar Tola, ga yunwa ga kunya. Duk da haka ta idon Tola muke kallon yawancin abin, ita ce ke zuwa kasuwar talakawa tana mamaki kamar baƙuwa. Mu masu kallo daga nan, mu ne kasuwar.

Sai maganar hannun da ya yi aikin. Labari da fasalin mutane daga Kugali suka fito tare da mutanen Disney, amma motsa hotunan kamfanin Cinesite ne ya yi shi, a Landan da Montreal ta Kanada. Ana ganin haka a jikin fim ɗin: manyan idanu, fata sumul, tafiya da murmushi irin na sauran ƴaƴan Disney. Tufafi na Legas, abinci na Legas, amma yadda jiki ke motsi ba na Legas ba ne. Kuma ranar da aka sake shi, dandalin Disney+ ba ya aiki a Najeriya, balle Nijar. Sai daga baya aka sa shi a tashar Disney Channel ta tauraron ɗan Adam. Yaron Ajegunle da aka yi fim a kansa, shi ne na ƙarshen gani. Harshen kuma Ingilishi ne da Burokan da ɗan Yarabanci, don haka ƙanenmu na nan hoto kawai za su bi.

Nan ne nake so mu waiwayo gida, don mu ƴan Nijar muna da abin da za mu aza a kan sikeli, ko da yawancinmu ba a taɓa gaya mana a lakwal ba. Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a Maris 2015. Makanike ne tun farko. Tun yana yaro yake yanka kwali yana wasan inuwa da fitila don mutanen garinsu. Ya yi aiki a cibiyar IFAN ta Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch, daga nan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Ka lura, Montreal ɗin nan dai da aka motsa Otin, can ne shi ma ya je, sai dai shi ya dawo da sana'ar gida. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, a 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. Ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekaru da dama, daga baya ya zauna a Tawa yana aiki a nasa wurin. Duk inda ake lissafin waɗanda suka fara katun a Afirka ta kudu da Sahara, sunansa na sahun gaba.

Bon Voyage Sim minti biyar ne ko kusa da haka, baƙin layi bisa fari, ba launi. Sim kwaɗo ne, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa. Jirgin sama, faretin soja, gaisuwar manya, duk kwaɗi ne ke yi. Shekara shida kacal bayan samun mulkin kai, zamanin Diori Hamani, mutum ya zauna ya zana shugaban ƙasa da kumburarren ciki da idanu a waje! Yaro zai yi dariyar kwaɗo, babba zai yi dariyar wani abu dabam, kuma ba wanda aka yi wa wa'azi. A Kokoa kuwa ƴan tsana ne na kwaɗi da wasu dabbobi ke kokowa a fili, da makaɗa da ƴan kallo. Wanda ya taɓa zama filin kokowa a Dutsi ko ya bi gasar takobi a tele zai gane kowane motsi: yadda ake zagaye, yadda ake kirari, yadda ake jinkiri kafin a kama. Abin da na ce babu a jikin Tola ke nan. Tsanar Alassane na rawa-rawa, wani lokaci har kana jin hannun da ya gyara ta, amma tafiyarta tamu ce.

Kada a ce na ce talauci ya fi. Katun ɗin Alassane gajeru ne, ba su zama jerin da yaro zai jira kowane mako ba, kuma dalilin a fili yake. Silima na cin hoto 24 a daƙiƙa guda. Ko ka rage zuwa 12, kamar yadda masu zanen hannu suka saba, minti ɗaya zane 720 ne, kashi ɗaya mai minti ashirin kuwa 14,400. Mutum ɗaya da ƴan almajiransa ba za su iya wannan sau shida ba, sai da kuɗi, da kuran da ba ya yankewa, da tashar da za ta saya. Télé Sahel ta fi sauƙin karɓo katun da aka riga aka gama a Faransa ko Japan. Shi ya sa jikokin Alassane a sana'a ba su da yawa, ba don basira ta ƙare ba. Kuma shi bai yi labarin zamanin da ke tafe ba. Kwaɗinsa na yau ɗinsa ne.

Wannan gurbi har yanzu ba a cika shi da Hausa ba yadda ya kamata. Zambiya ta samu Supa Team 4 na Malenga Mulendema a Netflix a 2023, ƴanmata huɗu a Lusaka ta gaba. A Abuja Adamu Waziri ya yi Bino and Fino, wanda ya fi karkata ga koyarwa. Mu a cikin ƙungiyarmu, duk sa'ad da wani ya kawo labarin gaba, sai ka ga jirgin sararin sama da birni mai gilashi, sunan jarumi kawai aka canza daga John zuwa Sani. Alhali tambayoyin gaba na nan a ƙofar gida. Dallol Mawri ruwansa na kusa a wasu wurare, a kan tudu kuma sai an yi gaba ɗaya da igiya. Wa zai mallaki ruwan nan bayan shekara ɗari, mai famfon sola ko mai garke? In na'ura ta iya faɗin ranar saukar damina ba kuskure, me ya rage wa tsofaffin da ke duban sama, kuma wa za a fara gaya wa, mai gona ko mai sayen hatsi? A Lugu akwai dutsen Tunguma da aka daɗe ana kai wa shari'a. Yaron da ya girma da labarin dutse mai yanke hukunci ba zai sha wuyar fahimtar kwamfutar da aka ɗora wa alƙalanci ba, kuma zai san tambayar da ya kamata a yi mata: wa ke ɗauke da ke?

Talho mai kyamara da ke aljihun yawancinmu ya fi duk abin da Alassane ya riƙe a 1966. Laka na nan bakin tabki, kwali na nan a kasuwar Kore Mairuwa. Minti ɗaya hoto 720 ne. In mutum shida suka raba, kowa 120 ya hau kansa.