Doka da Bututu: Sharhi a kan Ƙa'idojin Kare Ruwan Sha, da Misalai daga Tambuwal da Kebbe

A wannan takarda muna so mu duba ƙa'idojin da Nijeriya ta shimfiɗa don kare ruwan sha, mu auna su da yadda ruwa yake isa bakin mutane a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Abin da muke da'awa shi ne, ƙa'idojin sun san ruwa, amma ba su san hanyar da yake bi ba sosai.

Babban abin dogaro a nan shi ne ma'aunin ingancin ruwan sha, watau NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007, aka kuma sabunta shi a 2015. Ba mu raina shi ba. Ya yanke cewa kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa, dalma kuwa kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Ya kuma nemi kayan da ruwa ke taɓawa su dace da ma'aunin hukuma. To, amma ma'auni ne na ɗakin gwaji. Yana gaya mana ruwa ya ɓaci bayan ya riga ya ɓaci. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya taɓo aikin famfo, sai dai ba ya da haƙori sai jiha ta mai da shi doka, kuma hankalinsa yana kan ginin da aka zana aka kai ofis aka sa wa hannu. Gidaje nawa ne a Dogon Daji ko Kuchi suka bi ta wannan ƙofa?

Ingila ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta kayan famfo ta 1999 ta kasa ruwa gida 5, tun daga mai tsabta har zuwa wanda ya haɗu da najasar mutum ko ta dabba, ta kuma faɗi irin shingen da za a sa don kada kowane ya koma cikin bututun jama'a. A rukuni na 5 ba ta yarda da bawul kaɗai ba, dole a bar tazara ta iska tsakanin bakin famfo da saman ruwan. Wasu ayyukan ma sai an sanar da kamfanin ruwa kafin a fara su.

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin komawar ruwa baya ita ce cutar da ta fi kusa da mu. Bututun da ke cike, ruwa na tura kansa waje, ko ya tsage ƙazanta ba ta samun shiga. Amma idan aka ɗauke ruwa, ko aka kashe injin burtsatse, sai bututun ya koma zuƙa kamar mai shan fura da tsinke. Alal misali, a ce an shimfiɗa bututun roba a cikin kwata, don nan ne haƙa ta fi sauƙi, an ɗaure mahaɗarsa da tsohuwar robar taya. Ko kuma a ce an bar bakin tiyo nutse cikin kwatarniyar da shanu ke sha. Duk lokacin da ruwa ya yanke, abin da ke cikin kwata da kwatarniya yana iya bin bututu, gobe maƙwabci ya tara a randarsa. Wanda ya maƙala ƙaramin inji a kan bututun unguwa don ya riga kowa cika tankinsa, shi ma zuƙar nan yake ƙara wa ƙarfi, ko da bai sani ba. Wanda ya tuna kwalarar 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki, ba zai ɗauki wannan ƙaramar magana ba.

Duk da haka ba mu goyon bayan a kwafo dokar Ingila a liƙa mana. Ita ta ginu ne a kan kamfani ɗaya mai ba da ruwa dare da rana. A ƙasar Tambuwal da Kebbe kuwa ruwa yana da iyaye da yawa: rijiya, da burtsatsen gwamnati, da na masallaci, da na mai hali, sannan ga 'yan garuwa da jarkokinsu. Dokar da ta san bututu kaɗai za ta bar guga da jarka a waje.

Abin mamaki, malamanmu sun riga mu hango rabin matsalar. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, rijiya tana da harimi, watau kewayen da ba a yarda a yi abin da zai cuci ruwanta ko ya ƙuntata wa masu ɗiba ba. Mutumin Jabo ko Sanyinna ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Gaskiya ne fiƙihu yana hukunta ruwa da launi da ɗanɗano da ƙamshi, ƙwayar kwalara kuwa ba ta sauya ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka gwaji yana nan da amfaninsa. Amma idan rijiya na da harimi, me zai hana bututu da tanki su sami nasu?

A ganinmu, majalisun ƙananan hukumomin biyu suna iya yin 'yar gajeriyar doka da Hausa, wadda mai gyaran famfo da ya koyi sana'a a hannun maigidansa zai iya riƙewa a ka: kada bututu ya kwanta a kwata, kada bakin tiyo ya nutse, kada a haƙa masai kusa da rijiya, tanki kuma ya kasance a rufe. Masu duba-gari su ne za su bi sawu, tare da masu unguwanni, kuma a fara da makarantu da asibitoci da kasuwanni, inda famfo ɗaya yake shayar da ɗaruruwan mutane.