Masu Raya Tsohon Babur a Ingila da Saɓanin da ke Tsakaninsu

Daga cikin al'adun mutanen Ingila waɗanda baƙo ba ya saurin gane hikimarsu akwai wannan: magidanci mai aikin yi, mai motar hawa, wanda babu wata larurar sufuri da ta dame shi, sai ya fitar da kuɗinsa ya sayo tsohon babur da tsatsa ta cinye, wanda ya yi shekara talatin ko fiye a jingine ba a tashe shi ba, ya tura shi cikin wani ɗan ɗakin katako da ke ƙuryar lambun gidansa, sa'an nan ya ƙare hunturu biyu ko uku yana kwance shi noti bayan noti, yana wankewa, yana gogewa, yana mayarwa, har ranar da Allah zai nufa injin ya yi tari ya kama. Abin kuwa ya wuce sha'awar mutum ɗaya ko biyu, domin fanni ne mai ƙungiyoyi, da mujallu, da kasuwannin gwanjo, da malamai waɗanda ake kai wa mas'ala su yi fatawa a kan launin fenti ko siffar kan kusa. Tun 1946 aka kafa babbar ƙungiyar ma'abota tsofaffin babura ta ƙasar, wato Vintage Motor Cycle Club, kuma tun 1930 ake yin wani jerin gwano zuwa yankin garin Brighton wanda ba a yarda babur ya shiga ba sai wanda aka ƙera kafin 1915.

Asalin al'amarin yana cikin tashin masana'antun Ingila da faɗuwarsu. A shekarun 1950 kamfanin BSA na Bamingham shi ne mafi girman masu ƙera babur a duniya, ga Triumph a Meriden, ga Norton, ga Ariel da Velocette da Matchless, ga kuma Vincent a Stevenage, wanda ya daina ƙira a 1955. Da ƙaramar mota ta yi araha har talaka ya iya saye, mutanen Japan kuma suka shigo da baburan da ba sa zubar da baƙin mai, musamman Honda CB750 na 1969 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba da maɓallin tashi na lantarki, sai kasuwa ta juya wa 'yan gida baya; BSA ya durƙushe a 1973, ma'aikatar Meriden kuwa, bayan ma'aikatanta sun riƙe ta da kansu na wasu shekaru, ta rufe a 1983. Aka wayi gari da dubban babura marayu, babu masana'antar da za a koma wa, babu dillalin da zai kawo kayan gyara. Mai ɗakin katako shi ne ya zama magajinsu, kuma duk saɓanin da za mu ambata saɓani ne a kan yadda ake riƙon wannan gado.

Kafin mu shiga saɓanin, wajibi ne mai karatu ya san cewa aikin yana da ilmi wanda ba a samunsa da ƙarfin hali. Farkon abin da mai aikin zai ci karo da shi sifana ce, domin notunan waɗannan babura ba a kan awon milimita aka yanka su ba, a kan tsofaffin ƙa'idojin Ingila ne, waɗanda tushensu shi ne awon da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, duk wanda kuma ya matsa musu da sifanar zamani to zai murje kan notin, ya mai da aikin minti biyar na yini guda. Daga nan sai wayarin, wanda a yawancinsu ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin babur, akasin abin da makanikin yau ya saba. Kamfanin Lucas da ya yi waɗannan kayan wuta har laƙabi mahaya suka yi masa na sarautar duhu, saboda yawan mutuwar fitila a tsakar dare. Amma abin da ya fi bambanta masani da jahili yana can cikin cikin injin Triumph mai silinda biyu, inda aka huda wani ɗan rami a jikin karanshaf, aka sa bututu a ciki, domin ya riƙa tare dattin baƙin mai yayin da injin ke juyawa. Shekara da shekaru wannan datti yana taruwa yana daskarewa har ya toshe hanyar mai, babu kuwa yadda za a kai gare shi sai an sauke injin, an raba kwanonsa biyu, an kwance wani toshi da galibi ya riga ya kafe, an ƙwaƙulo abin da ke ciki baƙi ƙirin kamar busasshen kwalta. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, ya fesa wa tanki fenti mai ƙyalli, ya goge salansa har ta ɗauki ido, ya zuba sabon mai mai wanke datti, bayan 'yan kilomitoci injin ya ƙone. A nan ake gane cewa mafi yawan aikin gaskiya a wannan fanni ido ba ya ganinsa.

Mazhaba ta farko, wadda ta daɗe tana da rinjaye, ita ce ta masu mayar da babur yadda ya fito daga masana'anta, ba ƙari ba ragi. Waɗannan su ne ma'abota isnadi, in za mu ari kalmar malaman hadisi: suna duba lambar da aka buga a jikin firam da wadda aka buga a kan injin, su gwada su da littattafan rajistar masana'antu da ƙungiyoyi suka gada, su tabbatar da ranar da babur ya fita da dillalin da aka aika wa. Halinsu halin mai kwafe littafi ne, wanda amanarsa ita ce kada ya ƙara harafi ko ya rage, ko da yana ganin marubucin ya yi tuntuɓe. Babu mai musun falalarsu, domin ba don ƙwaƙƙwafinsu ba da siffar baburan da yawa ta ɓace, kuma saboda buƙatarsu ne ƙananan maƙera suka ci gaba da ƙera fistin da bawul da kafireta irin ta Amal har yau. Sai dai mazhabar tana da cututtuka biyu. Ta farko ita ce wuce gona da iri, inda za ka ga babur da fentinsa ya fi na masana'anta santsi, ƙarafansa sun sha gugar da ma'aikacin Meriden bai taɓa samun lokacin yi ba, a ɗauko shi a bayan mota a kai wurin baje koli, a mayar da shi gida tayarsa ba ta taɓa kwalta ba. Wannan, duk da sunan asali da ake ba shi, shaida ce ta zur a kan zamanin da ya wuce. Ta biyu ta fi muni, ita ce algus: da yake samfurori irin su Rocket Gold Star na BSA suna da tsada, ga shi kuma sun yi tarayya da 'yan'uwansu masu araha a yawancin kaya, sai maha'inta su haɗa na jabu, su goge lamba su buga wata, su sayar wa wanda bai sani ba.

Saboda gundura da wannan ƙyalli ne wata jama'a ta ɓulla wadda ke cewa a gyara injin da birki da taya domin babur ya yi tafiya lafiya, amma a bar masa tsohon fentinsa da tabonsa da sirdinsa da ya sha zama, a riƙa shafa masa tsumma mai mai don tsatsa ta tsaya inda take. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin ana iya sake fenti sau goma, amma fentin farko in ya tafi ya tafi ke nan. Kasuwa ma ta ba su gaskiya a watan Janairu na 2018, lokacin da aka yi gwanjon wani Vincent Black Lightning a Las Vegas ta Amurka a kan dala 929,000, babur ɗin da Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostireliya a 1953, wanda ba a taɓa sabunta masa jiki ba. Abin dariya shi ne, da tabo ya yi daraja sai aka sami masu ƙirƙiro shi da gangan, su yi sabon fenti su kankare shi don ya yi kama da tsoho.

Masu sauya siffar babur kuwa, waɗanda 'yan mazhabar farko ke kallo a matsayin 'yan bidi'a, tarihinsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin su ma suna da magabata. A gefen babbar hanyar da ta kewaye arewacin Landan akwai wani gidan shayi na direbobin manyan motoci mai suna Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938, bam ya rushe shi a lokacin yaƙi, aka sake gina shi a 1949. A nan samarin ma'aikata na shekarun 1950 da 1960 suke taruwa da dare, burin kowannensu ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160, alhali kuwa albashinsu bai kai na sayen baburin tsere ba. Sai suka yi ijtihadi da abin da ke hannunsu: suka sauke kan babur ƙasa domin mahayi ya kwanta a kan tanki iska ta wuce ta bisansa, suka ja wurin ɗora ƙafa baya, suka cire duk ƙarfen da nauyi kawai yake ƙarawa, suka sa sirdi na mutum ɗaya. Ƙololuwar wannan ijtihadi shi ne babur ɗin da suka kira Triton. Sun lura cewa Norton yana da firam wanda babu kamarsa wajen riƙe hanya a kwana, wanda Rex McCandless na Belfast ya tsara, aka fara tsere da shi a 1950. Sun kuma lura cewa injin Triumph mai silinda biyu ya fi sauƙin samu da sauƙin ƙara wa ƙarfi. Sai suka yanka faranti na ƙarfe suka ɗaura injin wannan a cikin firam ɗin wancan. Ba Norton ne ya ƙera Triton ba, ba kuma Triumph ba, a ɗakunan katako da ƙananan gareji aka haife shi, ga shi yau ana girmama shi a wuraren baje koli kamar kowane babur mai rajista. 

Abin da nake tuhuma shi ne taƙlidin da ya biyo baya. Ace Cafe ya rufe a 1969, aka sake buɗe shi a 2001, daga nan siffar baburan gidan shayi ta bazu a duniya ta hanyar hotuna, har aka kai ga kowane mai injin yanka ƙarfe yana neman tsohon Honda ko BMW na shekarun 1970 ya datse masa wutsiya, ya naɗe salansa da ƙyalle, ya sa taya mai kauri wadda ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar hanya, ya cire madigadi a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, ya jefar da akwatin tace iska har kafireta ta rikice. Samarin farko sun sauya babur ne domin ya fi gudu, kowane sauyi da dalilinsa. Waɗannan kuwa sun ɗauki siffa sun bar dalili, sai babur ya fito ya fi kyau a hoto, ya fi muni a hanya, garin neman gira an rasa ido. Hukuma ma ba ta bar abin haka ba, domin a Biritaniya abin hawan da ya haura shekara 40 an ɗauke masa gwajin lafiya na shekara-shekara tun 2018, amma da sharaɗin ba a yi masa babban sauyi ba a cikin shekara 30 da suka wuce, mai yanka firam kuwa yana iya fitar da kansa daga wannan rangwame da hannunsa.

Ba zan ce kowane sauyi ɓarna ne ba, domin akwai wanda maslaha ta wajabta. Tun da aka mai da fetur mai kashi goma na sinadarin etanol ya zama na yau da kullum a gidajen man Biritaniya a 2021, tsofaffin robobi da tankunan da aka yi da zaren gilas suna narkewa, dole a musanya su. Sa wutar lantarki ta zamani a ɓoye a maimakon tsohon filatin, ko inganta birki, abu ne da yake tsare rai. Makanikanmu da suka riƙe tsofaffin Vespa suna yawo a titunan Kano da Zariya da abin da ya samu sun san wannan tun da daɗewa, ko da yake su larura ce ta koya musu ba sha'awa ba. Mizanin da nake gani shi ne tambaya biyu: shin wannan babur yana da yawa ko kuwa saura kaɗan irinsa, kuma shin abin da za a yi masa ana iya warware shi gobe? Wanda ya tsinci gangar jikin da ba ta da injin, ko samfurin da aka ƙera dubu ɗaruruwa, to ya yi yadda ya so, Allah ya ba da sa'a. Wanda kuwa ya sami babur cikakke da lambobinsa da fentinsa na fari, ya sa masa zarto don ya bi yayi, ya ci amanar da ba tasa kaɗai ba ce.

Saboda haka, ya kai mai niyyar shiga wannan fanni, kafin ka kwance noti ɗaya ka ɗauki hoton kowane sashe, ka sayi littafin gyara na samfurin, ka kuma tanadi akwati da za ka riƙa ajiye duk abin da ka cire, ko da kana ganin ba shi da sauran amfani. Ka rubuta abin da ka musanya da ranar da ka musanya shi, in ka tashi sayarwa ka miƙa wa mai saye akwatin da takardar tare da babur ɗin.