Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Mutanen ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba baƙin waƙa ba ne, gama a cikinsu Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya tashi, ya yi zamaninsa har ya rasu a 1991. Saboda haka ya kamata su ji labarin waɗansu mawaƙa mata da suka fita ƙasashen waje, su auna abin da ke kai waƙa nesa.

A ƙasar Japan an yi waɗansu 'yan mata biyu, Mie da Kei, ana kiransu Pink Lady. Sun fara a 1976, suka gagara a ƙasarsu. A 1979 wata waƙarsu ta Turanci ta sami shiga a Amurka, har aka ba su fili a talabijin a 1980. Amma ba su ji Turanci sosai ba, sai su haddace kalmomi su maimaita, kamar yaron da ya iya karatu bai san fassara ba. Sau biyar kaɗai aka nuna shirin, aka dakatar da shi. A 1981 suka rabu.

To, ga kishiyar wannan a maƙwabta. A jihar Tawa ta ƙasar Nijar, wajen Abalak, akwai wani ƙauyen Buzaye, Illighadad. A can Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta kaɗa jita da ta ɗan'uwanta, ta haɗu da 'yar'uwarta Alamnou Akrouni. Wani Ba'amurke mai kamfanin faifai na Sahel Sounds ya ɗauki muryarsu, faifan ya fito a 2016, da sunan Les Filles de Illighadad. Daga nan suka zaga Turai, suka yi wasa a birnin New York a 2019.

Ba su bar Buzanci ba, ba su kuwa bar tende ba. Tende turmi ne da ake rufe bakinsa da fatar akuya, mata su kewaye shi suna tafi, wata tana bugun ƙwarya a kan ruwa. Duk wanda ya taɓa jin amadar Barmani Choge ya san ɗanɗanon irin wannan kiɗa. Gwanintar Fatou ita ce ta sa jita ta bi sawun turmi, ba turmi ya bi jita ba. Abin da Turawa ba su da shi ke nan, shi ya sa suka biya kuɗi su ji.

Duk da haka akwai abin dubawa. Waƙar tende ta amshi ce, ta taron biki, inda kowa ke da baki. In aka kai ta zauren da mutane ke zaune ba su san ma'anar kalma ɗaya ba, kiɗan ya isa, amma maganar ta tsaya a gida. Tafin baƙo shaida ce ta daɗin sauti kaɗai. Mai iya cewa an yi azanci ko an yi kure, sai wanda ya sha harshen a nono.

Yarinyar da Allah ya ba murya, in tana son duniya ta ji ta, sai ta fara ƙwarewa a kiɗan tsakar gidansu, ta kuma riƙa komowa gaban waɗanda za su iya gyara mata.