Badagiri: Garin Da Ake Ba Da Rabin Tarihinsa

Mu da ke zaune a Alaba Rago da Okokomaiko, mota ɗaya ce tsakaninmu da Badagiri, amma da yawanmu ba mu san garin ba sai a matsayin hanyar zuwa Seme. A wuce, a sayo kaya, a dawo, shi ke nan. Bayan Sallah na kwashi yarana muka je muka wuni, na dawo da abin da ya tsaya mini a rai.

Garin dai ya taɓa yin tashe. Tashar cinikin bayi ce babba a bakin teku. Nan 'yan mishan suka sauka a 1842, nan suka gina benen nan na 1845 da ake wa laƙabi da bene na farko a Nijeriya. A 1863 Turawan Ingila suka haɗe garin da mulkinsu na Legas, kuma tsohon ofishin Di'o shi ne gidan tarihi a yau. To amma da Legas ta zama cibiyar mulki da ciniki, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Kano bai bi ta Badagiri ba, sai kasuwa ta tashi ta bar garin.

Yau me ya rage? Kamun kifi, kwakwa, kasuwar Agbalata, sai zirga-zirgar boda. Wanda ya ga yadda harkoki suka tsaya cik lokacin da aka rufe boda a 2019 ya san inda numfashin garin yake. Aikin babban titin da aka fara tun 2009 kuwa, direbobinmu sun fi kowa sanin wahalar da aka sha a kansa. Ga tsofaffin gine-gine iskar teku na cinsu.

Amma ba titi ne babban ƙorafina ba. Yadda ake ba da labarin garin ne. Za a nuna maka sarƙoƙin bayi, a nuna maka inda aka fara wa'azin Kirista, a tsallaka da kai a kwalekwale zuwa Gberefu, inda bayi suke shiga jirgi ba dawowa. Duk gaskiya ne, ya kamata a faɗa. Sai dai ranar da muka je, har muka gama zagaye ban ji kalmar "Bahaushe" ko sau ɗaya ba.

Alhali daga Badagiri Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma mutu kusa da Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander, da ya dawo a 1830, ya rubuta cewa ya tarar da malamai Hausawa a garin. Cikin waɗanda aka sayar ta wannan gaɓar teku akwai Hausawa da yawa, su ne suka ƙulla shirin yi wa iyayen gijinsu bore a Bahiya ta ƙasar Brazil a 1807. Kai, ko Seriki Abass da ake kai baƙi gidansa, daga ina sarautarsa ta samo suna in ba daga "Sarki" ba?

Wani zai ce laifin masu yi wa baƙi jagora ne. Ni ban ga laifinsu sosai ba, abin da aka koya musu suke faɗa. Coci ta adana takardunta, zuri'ar sarakunan garin sun riƙe kayan kakanninsu. Mu fa, me muka ajiye? Wa ya taɓa zama da dattawan zango ya rubuta abin da suka ji daga bakin iyayensu?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk ranar da aka zo da takardar tashi a kasuwa, maganar farko ita ce mu baƙi ne, jiya muka zo. Yaron da bai san cewa akwai malaman Hausawa a wannan gaɓa tun kafin a gina benen 1845 ba, da me zai amsa?

Shawarata ga shugabannin makarantun Islamiyyarmu: a riƙa kai ɗalibai Badagiri ko sau ɗaya a shekara, tare da malamin da zai cike musu giɓin. Sarakunan Hausawa kuma su sa matasa su naɗi muryoyin tsofaffinmu a waya tun suna raye. Allah Ya ba mu ikon yi.